Yadda Ake Yi Wa Iska Hanya A Cikin Gini

A watan Maris da Afrilu zafi yakan tsananta a Kaduna. Ma'aunin zafi yakan kai 35, wata rana ma ya wuce. Amma wanda ya shiga wasu manyan gine-gine da ke titin Ahmadu Bello zai ji sanyi a kowane ɗaki, alhali bai ga injin ba. In ya ɗaga kai zai ga 'yan kafofi masu raga a jikin silin. Ta nan sanyin yake fitowa.

Injin guda ne babba, ana ajiye shi a kan rufi ko bayan gini. Daga jikinsa ake jan bututun farin kwano ta cikin silin zuwa ɗaki-ɗaki. Yanka kwano da lanƙwasa shi sana'a ce da aka san maƙeran kasuwar Panteka ta Tudun Wada da ita. A Amurka da Kanada irin wannan bututu ne kuma yake kai iska mai ɗumi lokacin sanyi.

Manomin rani zai fi kowa gane wannan aiki, domin iska a bututu kamar ruwa take a lambu. Babbar hanya takan zama mai faɗi, sannan ƙanana su rabu daga jikinta. In bututu ya matse, injin zai wahala, ya sha wuta, ɗakin ƙarshe kuwa bai samu komai ba. In aka ninka faɗin bakinsa sau 2, hanyar iska takan ƙaru sau 4. Kowace kwana tana rage wa iska ƙarfi, saboda haka gajeren bututu miƙaƙƙe ya fi. Ana liƙe mahaɗa don kada iska ta zurare. Ana kuma naɗe bututun da abin tare zafi, domin cikin silin da rana kamar tanderu yake. Ga kuma rariyar tace ƙura, wadda hazon hunturu yake toshewa in ba a wanke ta.

Abin da aka fi mantawa shi ne hanyar fita. Tulun da ya cika ba ya karɓar ruwa. Haka ɗaki: sai tsohuwar iska ta fita sabuwa take shiga. Shi ya sa ake yin bututu na biyu mai mai da iska wurin injin.

Mutumin karkara ba shi da injin, amma wannan ilmi zai amfane shi. Ɗaki mai taga ɗaya ƙarama ba ya shan iska. A yi taga biyu masu kallon juna. Iska mai zafi sama take tashi, don haka a bar 'yar kafa kusa da rufi, a sa mata raga saboda sauro. Mai rufin kwano ya yi silin, ko da na zana ne ko asabari. Magina na da sun san haka, shi ya sa soron ƙasa mai kaurin bango yake da sanyi.

Maganar ba ta jin daɗi kaɗai ba ce. Cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa da rani, musamman inda mutane suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa. A shekarar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Rigakafi shi ne gaba, amma ɗaki mai iska yana taimakawa.

Da hunturu kuma wasu sukan shiga da kaskon gawayi, su rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Takan kashe mutum cikin barci. In an ɗuma ɗaki, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta.