Titi Ɗaya, Garuruwa Barkatai: Darasin Tsoffin Filayen Fim ga Adar da Gobir

A daren 10 ga Disamba, 1938, mazauna Culver City da ke gefen Los Angeles a Amurka suka ga sama ta yi jajir, har wasu suka riƙa kiran 'yan kwana-kwana. Ashe furodusa David O. Selznick ne ya sa aka cinna wa tsoffin gine-ginen wasa wuta da gangan, kyamarori na ɗauka, don ya samu hoton ƙonewar birnin Atlanta a fim ɗinsa Gone with the Wind. Cikin abin da wutar ta lashe har da ƙatuwar ƙofar nan ta King Kong na 1933, wadda ita ma kwaskwarima aka yi mata daga ginin da Cecil B. DeMille ya tayar don The King of Kings na 1927. Gini ɗaya ya yi Birnin Ƙudus, ya yi katangar tsibirin goggon biri, ya ƙare a matsayin Atlanta tana ci da wuta, kuma ko a ranar ƙonewarsa sai da ya kawo wa masu shi kuɗi.

Wurin da wannan ya faru shi ake kira Forty Acres, ɗaya daga cikin filayen da manyan kamfanonin fim ke ajiyewa a bayan sutudiyonsu. A irin wannan fili ake gina tituna da kantuna da kotu da tashar jirgin ƙasa, amma galibinsu fuska ce kawai ta katako da filasta, da ka zagaya baya sai ka tarar da sanduna sun tokare ta. Abin da ke faruwa cikin ɗaki kuwa a wani babban zaure daban ake ɗaukarsa. A kan tokar waccan gobara aka gina titunan Atlanta, kuma su ne suka fi kowane gini na wurin tsawon rai. An ɗauki zangon farko na shirin talabijin na Superman a cikinsu a 1951. Kamfanin Desilu na Lucille Ball da Desi Arnaz ya sayi wurin a 1957, daga 1960 zuwa 1968 kuma titunan suka zama Mayberry, ƙaramin garin shirin The Andy Griffith Show mai kashi 249. A 1967 masu Star Trek suka ari titin suka mai da shi New York ta shekarun 1930, har idon mai lura na iya hango sunan shagon askin Mayberry a jikin taga yayin da jaruman ke wucewa. A wani gefen filin kuma an kafa sansanin fursunonin yaƙi na Jamus don shirin Hogan's Heroes.

Mutane kan ba da wannan labari don nishaɗi, amma akwai lissafi a ƙarƙashinsa. Kamfanin da ke fitar da fim kusan kowane mako ba zai iya gina sabon gari ga kowane labari ba, don haka titin bayan sutudiyo ya zama kamar tukunyar biki ta unguwa: sau ɗaya aka saya, amma kowane gida da ita yake taro. Da Kotun Ƙolin Amurka ta raba kamfanonin da gidajen silimansu a 1948, talabijin kuma ta janye 'yan kallo, sai yawan finafinai ya ragu, filayen suka fara zama kaya. Fox ya sayar da nasa a 1961, inda unguwar Century City take a yau. MGM ya yi gwanjon kayansa a 1970, filayensa suka bi baya aka gina gidaje. Forty Acres ya ƙara shekaru ne albarkacin shirye-shirye masu dogon zango da ke buƙatar titi ɗaya mako bayan mako, kuma da suka ƙare, a 1976 aka rushe shi. Abin da nake son kafawa ke nan: aiki mai ɗorewa ne ke haifar da garin fim, shi ne kuma ke riƙe da shi, kuma duk wanda ya fara da gini kafin aiki ya fara ta bayan gida.

A ƙasar Hausa an taɓa gwada farawa da ginin. A 2016 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da shirin kafa ƙauyen fim a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano, a kan kuɗin da aka ce ya kai naira biliyan 3. Malamai da jama'a da dama suka nuna ƙin amincewa, aka soke shirin kafin a ɗora tubali ɗaya. An yi ta musu kan tarbiyya, amma ba a cika tambayar wane aiki ne zai ciyar da wurin ba. Tun daga Turmin Danya na 1990, fim ɗin Hausa da aron gida ya girma: falon wani attajiri yau, zauren wani dattijo gobe, fim ɗaya a kammala shi cikin 'yan kwanaki. Irin wannan sana'a ba ta buƙatar garin kanta. Abin da ya sauya shi ne zuwan shiri mai dogon zango. Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a tashar Arewa24, Labarina na Aminu Saira, Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube, duk sun koya wa mai kallo jiran mako, sun kuma koya wa furodusa ciwon kan komawa gida ɗaya na tsawon shekaru, alhali mai gidan ya sauya fenti, ko ya ƙara kuɗin haya, ko ya gaji da hayaniya. Matsayin da talabijin ɗin Amurka ta kai a shekarun 1950 ke nan.

Jihar Tawa ta Nijar tana da alaƙa da wannan zance fiye da yadda ake zato. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka kafa harsashin silima a Nijar, kuma a 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Zalika Sule da Jingare Maiga na cikin 'yan wasan. Daga baya a birnin Tawa ya zauna, inda ya mai da wasu ɗakunan otal ɗinsa wurin aikin fim. Shi kuwa Sarraounia na Med Hondo, wanda aka ɗauko daga littafin Abdullahi Mamani kan turjiyar Sarauniyar Lugu ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, a Nijar aka yi niyyar ɗaukarsa, al'amura suka cije, aka koma Burkina Faso. Fim ɗin ya fito a 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987. Labarin na ƙasar Arewa ta Nijar ne, rundunar kuma ita ce ta yi wa Birnin Ƙonni ɓarna, amma ladan ginawa da na ɗinki da na abincin ma'aikata a wata ƙasa aka ci su.

Wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza har Keita ya san abin da yankin ke da shi. Akwai faƙo da duwatsu da kwazazzabai na Adar, akwai kwarin Majiya da layukan bedi da aka fara dasawa tun 1975 don tare iska, akwai fadamun albasa na kwarin Tarka, akwai manyan rumbunan ƙasa da suka zama alamar ƙauyukan yankin. Cikin tafiyar yini ɗaya kyamara za ta samu dutse da tudu da lambu. Rani na da tsawo, damina ba ta wuce wata huɗu ba, ga rana ta wadata, kuma irin wannan ne ya ja masu fim zuwa hamadar Tabernas ta Sifaniya, inda garin kaboyin da aka gina wa Sergio Leone a 1965 yake tsaye har yau, da Warzazat ta Maroko, inda aka buɗe sutudiyon Atlas a 1983. Uwa uba akwai magina. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da Italiya da hukumar FAO suka fara a 1984 ya bar dubban mutane, mata ne mafi yawa, da suka ƙware a jera dutse. Layi ɗaya mai zaure da soro da zanko, da ƙofar fada, da rumfunan kasuwa, da rijiya da rumbu, aiki ne da waɗannan hannaye za su gama a rani ɗaya da ƙasa da azara, ba da biliyoyi ba.

Mai musu zai ce ina amfanin gina ƙauyen bogi a ƙasar da ke cike da ƙauyukan gaske? Amsar tana ga duk daraktan da ya taɓa yunƙurin ɗaukar labarin zamanin Bawa Jan Gwarzo ko na Shehu Umar. Ƙauyen yau yana da rufin kwano da farantin sola da eriyar waya, injin niƙa na kuka, babur na wucewa, kuma babu mai ikon hana mutane ci gabansu don fim ya yi kyau. Bayan haka gidan Bahaushe yana da hurumi. Ba a kwasar samari ashirin da fitilu a wuce zaure a shiga tsakar gidan matan aure, ko da maigida ya yi kawaici. Sannan labarin yaƙi na buƙatar a fasa katanga, a ƙone danga, a sake ginawa, abin da ba a yi da gidan mutane. Rashin irin wannan wuri na cikin dalilan da suka sa finafinanmu suka taƙaita a falo da mota, tarihin Gobir da Adar da Katsina kuma yake kwance ba mai taɓawa.

Wani zai ce 'yan kallo za su gane, su raina. Za su gane, amma tarihi bai nuna suna rainawa ba. Dandalin kotu na kamfanin Universal ya fito a To Kill a Mockingbird na 1962, ya fito a Gremlins na 1984, ya zama tsakiyar garin Back to the Future na 1985, kuma yau mutane kuɗi suke biya a zagaya da su su gan shi. Sirrin shi ne wurin ya zama gama-gari, maras wata alama mai ɗaukar ido, yadda allon kanti da launin ƙofa da kusurwar kyamara za su mai da shi wani gari. A nan ginin ƙasa ya fi katako sauƙin sarrafawa, domin sabon yaɓe da zanen bango na rana biyu sun isa su mai da gidan talaka gidan hakimi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ruwa. Ginin ƙasa da ba kowa a ciki damina biyu ko uku ta ishe shi, indararo ya toshe, soro ya rufta. Haka ne, sai dai na katakon ma ba su dawwama ba: gobara ta ci wani ɓangare na filin Universal a 1990, ta sake ci a 2008, aka sake ginawa saboda akwai aikin da ke jira. Yaɓen shekara ba shi da tsada, amma dole wani ya biya, kuma mai biya shi ne shirin da ke dawowa. Inda babu shi, sakamakon a bayyane yake. Ƙauyen Ramgarh na Sholay, fim ɗin 1975 da Hausawa suka haddace, an gina shi ne a duwatsun Ramanagara kusa da Bangalore, aka rushe bayan an gama. Makkar da Mustafa Akkad ya gina a Maroko don Risala na 1976 ma baro ta ya yi ya koma Libiya. Garin fim na Ramoji a Hyderabad kuwa, da aka buɗe a 1996, ya rayu ne don masana'antar Telugu da sauran harsunan Indiya ba sa barinsa ya huta. Akwai kuma gyara ɗaya da ya kamata a yi wa salon Amurka: a nan cikakken ɗaki ya kamata a gina maimakon fuska, tunda kaurin bangon ƙasa na rage zafi da ƙara, ɗakin da aka ɗauki wajensa sai a ɗauki cikinsa.

Saura nisa da tsaro, kuma nan ba a rufa-rufa. Furodusoshi da 'yan wasa galibi a Kano da Kaduna da Jos suke. Iyakar Madawa da jihar Sakkwato na fama da 'yan bindiga, kuma rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna yadda siyasa ke iya yanke hanya na watanni. Saboda haka ban ga hikimar gina wuri a zauna jiran baƙi daga Kano ba. Wanda zai fara shi ne shirin gida, na masu fim ɗin Nijar da ke Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da tashar talabijin da ta yi alkawarin saye kafin a kwaɓa ƙasa, baƙi su zo daga baya in hanya ta yi kyau. Abin da ya faru a Kofa kuma ya isa gargaɗi cewa da sarakuna da malaman wurin ake fara magana, a yi yarjejeniya kan masauki da lokutan aiki da rabon 'yan gari, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun fili, wanda shi ne ya kashe yawancin filayen Hollywood: gari ya cim musu, farashin ƙasa ya zarce ribar fim. A Adar barazanar ta wata fuska ce, domin ƙasar noma ta yi ƙaranci, rikicin gona da burtali kuma ba baƙo ba ne. Bai kamata a taɓa fadama ko gonar gero ba. Faƙon da ba ya fitar da amfani ya wadatar, shi ne ma ya fi kyau a hoto. Tsarin dokar karkara na Nijar, wanda ya faro a 1993, ya tanadi kwamitocin filaye a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, kuma a gabansu ya kamata a rubuta iyakar wurin, da sunan mai shi, da wanda zai gaji gine-ginen ranar da shirin farko ya ƙare.