Motar Tsere Da Baƙin Mai: Yaushe Ya Kamata A Yi Juye?

Cikin watan Janairu na shekarar 1979, mutanen Agadas da na Yamai suka ga wani abin da ba su taɓa gani ba. Motoci da babura ne suka keto hamada daga Faransa, sun nufi Dakar. Wannan shi ne karo na farko na tseren Paris-Dakar. Ababen hawa 182 suka tashi, amma 74 kaɗai suka kai. Cikin shekarun da suka biyo baya, motoci irin su Porsche 959, wadda ta ci tseren a 1986, da Peugeot 205 Turbo 16, wadda ta ci a 1987 da 1988, sun ratsa rairayin Tenere. Duk inda aka yi zango, direba shi kan kwanta, masu gyara kuwa su kwana a kan inji.

Tseren ya bar Afirka, tun da aka mai da shi Amurka ta Kudu a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Amma motoci masu ƙarfin inji ba su bar Nijar ba. Ana ganin su a titunan Yamai da Maraɗi, a hannun ƴan kasuwa da manyan ma'aikata. Da yawansu sun yi aiki a Turai kafin a shigo da su. Masu su ba su da ayarin masu gyara a bayansu. Tambayar da ke gabansu ita ce: bayan kilomita nawa, ko wata nawa, ya kamata a juye baƙin mai?

Aikin da mai ke yi

Baƙin mai yana da aiki huɗu cikin inji. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Yana ɗauke zafi daga wuraren da ruwa ba ya kaiwa. Yana kwashe dauɗa ya kai ta ga mataci, wanda masu garaji ke kira filtir. Sannan yana hana tsatsa, domin an zuba masa magunguna masu kashe tsamin da ƙonewar isansi ke haifarwa.

Mai ba ya lalacewa rana ɗaya. Zafi da iska su ke dafa shi sannu a hankali har ya yi kauri. Magungunan da ke cikinsa su kan ƙare. Isansin da bai ƙone ba kan zurara ta gefen fistan ya tsinka shi. Idan abin ya kai matuƙa, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sai a ce inji ya buga. Kuɗin gyaran irin wannan inji ya ninka kuɗin juyen mai sau da yawa, kuma ba kowane gari ake samun kayan gyaransa ba.

Abin da ya raba motar tsere da sauran motoci

Motar gida a kan kwalta, injinta kan juya kamar sau 2,000 zuwa 3,000 cikin minti ɗaya. Injin Porsche 911 GT3 kuwa yana iya kai wa 9,000. Yawancin motoci masu ƙarfi na yanzu suna da turbo, watau wata ƴar farfela wadda hayaƙin inji ke kaɗawa don ta tura iska ciki. Tana juyawa fiye da sau 100,000 cikin minti, cikin hayaƙi mai zafin ɗaruruwan digiri, kuma man inji ne kaɗai ke shafe sandar da take juyawa a kai.

Masana harkar mai suna da wata ƙa'ida: duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin lalacewar mai yana kusan ninkawa biyu. Ke nan kilomita ɗari da aka yi da gudun gaske ba daidai suke da kilomita ɗari da aka yi cikin natsuwa ba, ko da yake agogon mota lamba ɗaya zai nuna.

Kamfanin Nissan na Japan ya fayyace wannan cikin littafin motarsa GT-R, wadda ta fito a 2007. Bai ba da lamba ɗaya ba, ya ɗaura maganar a kan zafin mai. Idan zafin bai wuce digiri 110 ba, a bi ƙa'idar da aka saba. Idan ya shiga tsakanin 110 da 130, a juye kowane kilomita 5,000. Idan ya zarce 130, a juye nan take bayan an tsaya. Mota ɗaya ce, mai ɗaya ne, amma wa'adi uku, gwargwadon wahalar da aka ba inji.

Lambar littafi da ƙasar Sahel

A da, ƙa'idar kowa ita ce kilomita 5,000. Da aka samu man haɗi, wanda ake kira santetik, mai jure zafi fiye da man da aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai, sai kamfanoni suka tsawaita wa'adi. Wasu kamfanonin Jamus sun ba da kilomita 15,000 ko shekara ɗaya. Wasu motocinsu ma an yarda su kai 30,000 ko shekara 2, idan na'urar mota ta auna ta ga tuƙin mai sauƙi ne.

Nan ne mai mota a Nijar ke iya ruɗuwa. An tsara waɗannan lambobi ne don ƙasashe masu sanyi, masu tituna marasa ƙura, inda doka ta hana farar wuta cikin man mota ta wuce kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Littattafan kamfanoni da yawa suna da wani shafi na biyu wanda ba a cika karantawa ba, shafin aiki mai tsanani. Abubuwan da ake lissafawa a can su ne zafi mai yawa, ƙura, gajeriyar tafiya, daɗewa a tsaye inji yana aiki, da tuƙi da ƙarfi. Wa'adin wannan shafi, galibi, rabin na farko ne.

Wanda ya duba wannan jeri zai ga kamar hoton ƙasar aka ɗauka. A Yamai da Tawa zafin watannin Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40 a inuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ke rufe sama, kuma ƙurarsa mai laushi ce, tana samun hanya idan matacin iska ya tsufa ko bai zauna daidai ba. Da ta shiga mai, sai ta riƙa goge ƙarfe kamar yashi a gindin tukunya. Na'urar da ke kunna fitilar juye a yawancin motoci lissafi take yi da zafi da juyawar inji. Ba ta ganin ƙura.

Saboda haka, ga motar mai ƙarfin inji da ke aiki a Sahel, shawarar da ta fi kusa da tsira ita ce a juye mai tsakanin kilomita 5,000 da 7,500, ko kowane wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Idan littafin motar ya faɗi abin da ya gaza haka, littafi za a bi.

Doguwar hanya da zagayen gari

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Wanda ya je ya komo sau uku ya wuce 5,000, ko da cikin wata ɗaya ne. Shi kilomita zai ƙirga.

Wani kuma motarsa daga gida sai wurin aiki, kilomita 5 da safe, 5 da marece. Cikin wata 6 bai kai 2,000 ba, yana ganin mansa sabo ne. Ba haka ba ne. Cikin gajeriyar tafiya mai ba ya yin zafin da zai kori raɓa da isansin da suka shige shi, sai su taru. Shi wata zai ƙirga. Haka ma motar da ake ajiyewa sai ranar biki: kada manta ya shekara a ciki.

Akwai kuma juyen farko. Sabon inji, ko wanda aka sake ɗaurawa, yana zubar da garin ƙarfe kafin ya zauna. Shi ya sa kamfanin BMW ya sa a juye man sababbin motocinsa na rukunin M a kilomita 2,000 na farko. Wanda ya sayi motar hannu kuwa, ya juye mai ranar da ta shiga hannunsa, don bai san tarihinta ba.

Abubuwan kiyayewa

Juye a kan kari ba ya amfani idan man ba na motar ba ne. A jikin galan akwai lamba irin 5W-40 ko 10W-60. Ta farko tana nuna gudun mai cikin sanyi, ta biyu kaurinsa cikin zafi. Akwai kuma shaidar yardar kamfani, kamar A40 ta Porsche ko 229.5 ta Mercedes. A nemi wadda littafi ya faɗa, cikin galan mai hatimi. Man kwalba na bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba, arha ce mai tsada.

A sake matacin mai duk lokacin juye, a kuma duba matacin iska, musamman da hunturu. A zaro sandar awo kowane mako da kuma kafin doguwar tafiya, domin injin mai ƙarfi yana shan mai ko da lafiyarsa lau. Baƙin launi kaɗai ba laifi ba ne, alama ce mai yana wanke inji. Amma idan ya yi kama da shayi da madara, ruwa ya shiga. Idan yana warin isansi, ko ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, a kai garaji ba da jinkiri ba.

Da safe kada a taka mota da ƙarfi sai mai ya ɗumama. Bayan gudu mai tsawo, a bar inji ya yi aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man da ya rage cikin turbo ya ƙone. Daga ƙarshe, a rubuta ranar juye da lambar kilomita cikin ɗan littafi, a ajiye cikin mota.

Injin da ya buga tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da tsakar rana ba asarar dukiya kaɗai ba ce, iyali ne a bakin hanya cikin zafi, suna jiran taimako. Lita biyar ko takwas na mai a kan lokaci sun isa su kawar da wannan. Magabata sun ce rigakafi ya fi magani.