Daga Kyautar Hannu Zuwa Gidauniyar Iyali: Darasi ga Masu Halin Magarya da Dungas

Ba a koya wa mutanen Magarya da Dungas kyauta. Manomi na fitar da zakkar gero tun daga bakin rumbu, ɗan kasuwar da ya yi arziki a Kano ko Legas ba ya dawowa gida hannu Rabbana, a watan azumi kuwa ƙofar mai hali ba ta rabuwa da jama'a. Duk da haka, shekara na zagayowa sai a tarar gidajen da aka agaza wa bara su ne dai ke neman agaji bana, yaran da aka ɗinka wa kayan salla kuma sun ajiye karatu sun tafi bida. Alherin bai faɗi ƙasa banza ba, amma yana da rauni biyu. Yana zuwa ne sa'ad da mai bayarwa ya samu sarari, ko da kuwa ba lokacin ne mai karɓa ya fi matsuwa ba. Sannan ranar da mai bayarwa ya kwanta dama, kyautar ma ta bi shi. Gidauniyar iyali, in an kafa ta yadda ya kamata, maganin waɗannan raunuka biyu ce.

Halin da yankin ke ciki

Magarya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, kan iyaka da Najeriya. A da gunduma ɗaya ce, sai a 2011 aka yanke Dungas ta tsaya da ƙafarta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum sama da 570,000 a Magarya da sama da 350,000 a Dungas, kuma kamar sauran Nijar, kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yanki ne mai cunkoso, inda gonar da uba ya noma shi kaɗai yau 'ya'ya biyar ko shida ke rabonta. Gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi su ne abin dogaro, sai rake da kayan lambu a fadamun Korama, wajen Bande da Waca. Naira na yawo a kasuwanni tare da sefa, shi ya sa duk abin da ya taɓa Najeriya sai ya taɓa tukunyar gidajen nan, ko rufe iyakar 2019 ne, ko takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, ko faɗuwar darajar naira da ta zaftare abin da 'yan bida ke aikowa.

Lokacin da ya fi tsanani sananne ne. Daga Yuli zuwa Oktoba rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, sauro kuma ya yi yawa, sai tamowa da zazzaɓin cizon sauro su haɗu a kan yaro guda. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun yunwar 2005. A Satumban 2018 ta sanar cewa yara sama da 700 ke kwance a sashen yara na asibitin garin, kuma kimanin 10 ke rasuwa kowace rana. Ke nan wahalar tana da watanninta, kuma abin da aka san ranar zuwansa ana iya yi masa tanadi.

Abin da ya raba gidauniya da kyauta

Gidauniyar iyali dukiya ce da wani gida ya ware daga cikin abin da ya mallaka, ya ɗora mata manufa a rubuce, ya naɗa amintattu su kula da ita. Ba a cin uwar kuɗin. Ana juya ta a gidajen haya, shaguna, gona ko hannun jari, ribar ce ake kashewa kan manufar. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin shi ne wakafi. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar, ba a sayar da ita, ba a gadonta, amfaninta na tafiya ga mabuƙata. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Nijar ma ta yi dokar wakafi, ta kafa hukumar ƙoli da ke kula da shi, kamar yadda jihar Sakkwato ke da hukumar zakka da wakafi. Sai dai a kiyaye, wakafi ba ya ɗauke wa mutum zakka. Zakka wajibi ce mai sanannun masu karɓa, wakafi kuwa sadaka ce mai gudana da mutum ya zaɓa wa kansa.

Gidan Ɗantata a Kano

Misali mafi girma a ƙasar Hausa yana Kano, birnin da gyaɗar Magarya ke bi ta cikinsa zuwa teku a zamanin Turawa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya tara dukiyarsa ne a fataucin goro da cinikin gyaɗa. Jikarsa Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata ta yi suna wajen ciyar da mabuƙata a Kano, ɗanta Aliko Ɗangote kuma ya mayar da al'adar gidan tsararren aiki. Ya kafa gidauniyarsa a 1994, a 2014 kuma ya ware mata jarin dala biliyan 1.25. 'Yarsa Halima na cikin amintattu, amma ragamar aikin yau da kullum tana hannun ƙwararriya, Zouera Youssoufou, wadda ta yi aiki a Bankin Duniya. Gida na riƙe da manufa, masana na riƙe da aiki.

Wajen matasa, gidauniyar ta gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci, ta kuma gina ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Wajen karkara, ta raba wa mata tallafin naira 10,000 kowace a ƙananan hukumomin jihohi da dama, ciki har da Kano da Jigawa, maƙwabciyar Magarya da Dungas. Amma aikin da ya fi cancantar nazari shi ne na rigakafi. A 2012 ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Kano da gidauniyar Bill da Melinda Gates don ƙarfafa allurar yara. An zuba kuɗi a asusu guda, bisa sharaɗin cewa kason gidauniyoyin zai riƙa raguwa shekara bayan shekara, na gwamnati yana ƙaruwa, har ta ɗauki nauyin gaba ɗaya. An haɗa da sarakuna da masu unguwanni, domin su ne suka san gidan da aka yi haihuwa. Kano ta ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta kama a Sumaila a Yulin 2014, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Yaran Tinkim da Dogo-Dogo, a yankin Magarya da Dungas, sun amfana ko da ba a kashe ko sisi a garuruwansu ba, tun da cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan.

In aka gwada ayyukan biyu, bambancin a fili yake. Tallafin naira 10,000 ya share hawaye, amma sau ɗaya ake bayar da shi, kuma ciwon yaro guda na iya lashe shi. Yarjejeniyar rigakafin kuwa ta bar tsarin da ke ci gaba bayan mai kuɗin ya janye hannu.

Iyalin da suka raba iri a Tanut

Misali na biyu yana cikin jihar Damagaram kanta, kuma ba na attajirai ba ne. Iyalin Garvi, mutanen arewacin Turai, sun zauna a Zinder da gidauniyarsu mai suna Eden, tun ƙarshen shekarun 1980 suna gwaji a Dalli kusa da Tanut. Ba su raba buhun shinkafa ba. Sun nemi itatuwan da ke ba da abinci ba tare da ban ruwa ba, suka riƙa bai wa manoma irinsu kyauta su shuka kai tsaye a gonakinsu. Ɗansu Josef Garvi ya ɗora a kai, a 2014 ya kafa kamfanin Sahara Sahel Foods a Zinder, wanda ke sayen anza, aduwa, magarya da makamantansu daga hannun matan karkara yana sarrafawa. Anzar da ake wa kallon abincin shekarar yunwa, wadda sai an jiƙa ta kwanaki kafin ɗacinta ya fita, ta zama hajar da ake cin kasuwa da ita.

Mutanen Magarya sun fi kowa fahimtar wannan, domin sun yi irinsa da hannunsu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka riƙa barin tohon itatuwa a gona suna yi masa aski, abin da ake kira sassaben zamani. Gawo ya fi yawa, saboda yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Binciken da aka yi a 2006 ya kiyasta cewa kimanin hekta miliyan 1 ta farfaɗo ta haka a waɗannan gundumomi uku. Babu attajirin da ya biya kuɗin wannan aiki. Duk gidauniyar da za ta shigo yankin, to ta san ta tarar da mutane masu dabara, aikinta shi ne ta ƙara musu ƙarfi a kan abin da suka riga suka iya.

Inda kuɗi kaɗan ke yin aiki babba

Ba sai mutum ya kai Ɗangote ba. A ce 'yan gida ɗaya da ke kasuwanci tsakanin Maigatari, Kano da Zinder sun gina shaguna, sun tsayar da hayarsu wakafi. Ga wuraren da ribar za ta fi tasiri.

Na farko, hatsi. Talaka na sayar da amfaninsa da kaka a farashi mai arha don biyan bashi da hidimar biki, sannan ya dawo da damina ya sayi tiyar gero da tsada, wani lokaci ma ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Bankin cimaka na saye da kaka ya sayar wa 'yan gari da rangwame lokacin matsi. Akwai kuma jinginar hatsi, wadda hukumar FAO ta yaɗa a Nijar tun wajen 1999: manoma su ajiye buhunansu a sito mai makulli biyu, su karɓi rance su yi sana'ar rani, in farashi ya tashi su sayar su biya. Abin da ke hana ƙauyuka da yawa shi ne rashin sito da jarin farko, kuma wannan daidai ƙarfin iyali guda ne.

Na biyu, mata. Tsarin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu har ƙasashe da dama. Mata ne ke tara kuɗinsu duk mako, suna ranta wa juna. Gidauniya ba ta buƙatar raba musu kuɗi a hannu. Injin niƙa, na'urar matsar man gyaɗa ko rijiyar lambu sun fi amfani. Haka nan habbanaye, al'adar Fulani ta bai wa mutum aron dabba har ta haihu, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar ga mai ita.

Na uku, matasa. Yaron ƙauye da ya gama firamare sau da yawa sai ya koma gari kafin ya samu kwaleji, kuma rashin mai masauki da abinci ke koro shi gida. Ga 'ya mace abin ya fi muni, domin iyaye ba sa sakin jiki su bar ta a hannun da ba su sani ba, sai a yi mata aure. Gidan kwana mai tsaro da uwar ɗaki amintacciya zai riƙe ɗalibai fiye da rabon littattafai a gaban kyamara. Wanda karatu bai karɓe shi ba, a biya masa koyon gyaran babur, walda, ɗinki ko haɗa fitilar hasken rana, a kuma ba shi kayan aiki ranar yaye, don sana'a ba kayan aiki ita ma hanyar bida ce. Ba a manta da mutum 92, galibi mata da yara daga Kance, da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya a Oktoban 2013 ba. Rashin abin yi a gida ne ya fitar da su.

Na huɗu, lafiya. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bai wa ƙananan yara duk wata da damina yana nan, asibiti ma yana nan. Sau da yawa abin da ke kashe yaro shi ne jinkiri, saboda uwa ba ta da kuɗin mota daga ƙauye. Ƙaramin asusun sufuri da aka tanada tun watan Yuni zai ceci rayuka.

Ramukan da ake faɗawa

Gidauniya na mutuwa ta hanyoyi sanannu. Akwai wadda ba ta da jari sai aljihun mai ita, in kasuwa ta juya masa baya sai ta rufe. Akwai wadda aka jingina da kujerar mulki, tana tashe muddin mai gidan na kan gado. Akwai wadda magada ke wargazawa saboda ba a rubuta komai ba, aka bar dukiyar cakuɗe da ta gado. Akwai kuma wadda ke gina famfo ko aji ba ta tambayi wanda zai gyara in ya lalace ba. Maganinsu shi ne takardar wakafi da shaidu da rajista a wurin hukuma, amintattun da suka haɗa da waɗanda ba 'yan gida ba, lissafin shekara da ake karantawa a bainar jama'a, da zaɓen masu amfana a taron gari tare da mai gari, liman da wakilan mata, ba ta hanyar sanayya ko jam'iyya ba. Sannan gidauniya ba gwamnati ba ce. Malamin makaranta da ma'aikacin jinya nauyin hukuma ne, don haka a zauna da hukumomin gari da ma'aikatan gunduma tun kafin a aza tubali, a rubuta abin da kowa ya ɗauka.

Kira ga 'yan kasuwa, ma'aikata da 'yan yankin mazauna waje: a ci gaba da kyautar azumi da ta salla, amma a ware wani kaso a tsayar da shi. A fara da ƙauye ɗaya da matsala ɗaya, a riƙe ta shekara goma, a riƙa auna sakamako da yawan yaran da suka gama kwaleji da gidajen da suka kai kaka ba su ci bashi ba. Malamai su ma su riƙa bayanin hukuncin wakafi a huɗuba da wa'azi kamar yadda suke bayanin zakka, domin da yawa daga masu niyyar alheri ba su san wannan ƙofa a buɗe take ba. Allah Ya sa mu dace.