Sarauta da Golmo a Ƙasar Zuru

Duk wanda ya so fahimtar sha'anin mulki a ƙasar Zuru, wadda take kudu maso gabashin Jihar Kabi, lalle ne ya fara duban gona kafin ya dubi fada, domin Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, ba su gaji sarki guda mai mallakar ƙasa baki ɗaya ba. A zamanin da suke zaune bisa duwatsu, suna kare kansu daga hare-haren mayaƙan Kwantagora a ƙarni na 19, kowane gari yana da nasa Gomo, wato sarki, wanda ba ya zartar da hukunci sai da mushawarar dattawan dangi da masu riƙe da al'amuran tsafi. Turawa ne, saboda bukatarsu ga mai tara haraji, suka tattara garuruwan ƙarƙashin hakimai, har al'amarin ya kai ga masarautar yau mai ƙasashe biyar, wato Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu.

Amma asalin martabar namiji a wurinsu daga golmo take fitowa, wato noman neman aure. Saurayi, bayan ya gama shekarunsa na kokawa, an kuma shigar da shi a bikin Uhola da ake yi bayan girbi, sai ya shiga yi wa mahaifin yarinyar da zai aura noma har damina bakwai. Ba kuwa shi kaɗai ba, shi da tsararrakinsa ne, a jere, kowa da garmarsa, yau su kafce gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan, tun hantsi har rana ta karkata, alhali ragon da ya bari aka tsere masa a kunya ba ya rasa shan gori. Wasu baƙi suna ganin wannan wahala ce tsagwaronta, ni kuwa a ganina tarbiyya ce ta haƙuri da ɗa'a da amana, kuma ita ce ta sa mutanen Zuru suka shahara da aikin soja tun zamanin Turawa. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo na Biyu ma Manjo Janar ne, ya kuma yi gwamnan soja a Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985.

Yaɗuwar Musulunci da Kiristanci da karatun boko ta rage ƙarfin ta'adar golmo ainun, har gidaje da yawa suka koma karɓar sadaki da kuɗi, ko da yake Uhola tana nan ana yin ta, Sarki da hakimansa suna halarta.