Idan ginin R ya cije a wurin haɗi

Mai gina manhajar ƙididdiga ta R daga tushenta yakan zauna yana kallon layuka suna ta gudu a allo, sai dab da ƙarshe aiki ya tsaya cak da saƙon "cannot find -lgfortran". A nan ne da yawa suke goge komai su sake saukewa. Asarar data ce kawai, domin tushen lafiyarsa ƙalau.

R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland, kuma cikakkiyar fitowarta ta farko ta zo a shekarar 2000, an rubuta ta ne da harsuna uku: C, Fortran da ita kanta R. Ginin hawa biyu ne. Kwamfaila ke juya kowane fayil na C da Fortran zuwa harshen inji, sannan linka ya haɗa gutsattsarin. Aikinsa kamar na tela ne da aka miƙa wa yankakken yadi: in babu hannun riga, ba ya ɗinkawa, sai ya faɗi abin da ya rasa.

Saboda haka a karanta saƙonsa da kyau, daga kuskuren farko, don na ƙasa galibi ’ya’yansa ne. "Cannot find" na nufin bai ga laburaren da aka ambata a saƙon ba sam. Masu Mac sun fi shan wannan, tunda kayan ginin Apple ba su zuwa da kwamfailar Fortran. Sai an girka gfortran, kuma a tabbata saitin FLIBS yana nuni da inda take. A Debian da Ubuntu, girka r-base-dev kan kashe maganar. Masu Windows kuma Rtools ne nasu.

"Undefined reference" ya fi wuyar sha'ani. Ka ga suna irin dgemm_, to aikin ninka jadawalin lambobi ne daga laburaren BLAS, ƙaramin layin da ke wutsiyarsa kuma gfortran ce ke liƙa shi. Ko dai ba a ambaci BLAS a umarnin haɗi ba, ko an ambace ta a gurbin da bai dace ba. Linkan GNU daga hagu yake bi zuwa dama, don haka mai buƙata ne ke gaba, mai bayarwa a baya: laburaren LAPACK, mai buƙatar BLAS, tukuna, sannan BLAS. Wannan ɗan jeri ya hana mutane da yawa barci.

Wani lokaci kuma linka ya ce "recompile with -fPIC". A yi abin da ya ce, a sake gina laburaren da wannan alama.

Shawarata ga ɗalibai: kada ku cuɗa kwamfailoli daga wurare daban-daban a gini ɗaya. In za ku nemi taimako, ku kai cikakken umarnin da ya faɗi tare da fayil ɗin config.log, domin hoton layin ƙarshe kaɗai ba ya isar mai duba muku.