Cin kifi a bakin Tiga: abin da ya kamata ku sani kafin ku tashi

Mutumin Unguwar Gai da ke son ya fita da iyalinsa su ci abinci a wuri mai kyan gani ba sai ya nufi birnin Kano ba. Ta Kibiya zai bi ya faɗa Rano, ya miƙe ta Rurum, sai ga shi a bakin madatsar ruwa ta Tiga. Gwamnatin Audu Bako ce ta gina ta a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, kuma a lokacin da aka gama ta tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Ruwan nan ne ke bin babbar magudana ya ratsa Ruwan Kanya, ya je ya shayar da shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura da Bunkure. Idan kun tsaya a kan tudu da la'asar, ido ba ya kai wa ƙarshensa, ga duwatsu sun yi masa ƙawanya, ga masunta suna dawowa a kwalekwale.

Tun farko an yi nufin wurin ya zama na shaƙatawa. Shi ya sa aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, aka kuma gina wani a Bagauda, wanda yanzu ya koma makarantar horar da lauyoyi. Rock Castle ya daɗe da barin ganiyarsa, an kuma sha maganar gyara shi. Saboda haka kada ku ɗauki yara ku tafi da zaton akwai teburi da kujera suna jiranku. Ku tafi da tabarma da ruwan sha da kwanon gida. Giya kuwa ba ta cikin lissafi, tunda Kano ta koma bin Shari'a a shekarar 2000. Shayi da zoɓo da kunun aya su ne abokan cin kifi a nan.

Kifin shi ne dalilin zuwan, don haka a nan ya kamata a nutsu. Karfasa da tarwaɗa ne za ku fi samu. Kafin ku yi ciniki, ku ɗaga murfin kunnen karfasar: idan cikin ja ne jawur, idon kuma garau bai dusashe ba, ba ta daɗe da fitowa daga ruwa ba. Ku danna gefenta da yatsa, naman ya taso nan take. Wadda yatsa ya bar rami a jikinta, ko da an rage muku kuɗi, ku bar wa mai ita. Tarwaɗa kuwa tana da taurin rai, gara ku sayi mai motsi a cikin baho. Ku tsaya a gyara a gabanku, ku kuma leƙa kaskon mai suya, domin man da ya yi baƙi ƙirin yana ɓata ɗanɗanon kifi kowane iri ne. A ganina gashi ya fi suya fito da zaƙin karfasa, musamman in an tsattsaga ta an cusa yaji da albasa, an bar fatar ta ɗan ƙone. Banda kuma ta tsaraba ce, a kai gida a sa a miyar kuka.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina, daga Oktoba zuwa farkon sanyi, sa'ad da dam ya cika kuma duwatsu ba su gama bushewa ba. In hunturu ya kankama, hazo yakan rufe komai.

Abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne ruwan. Yara suna ganinsa za su so shiga, alhali gefen da yake kwance da ciyayi shi ne matattarar ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Haka nan hawa kwalekwale: kowa ya tuna haɗarin Bagwai na watan Nuwamban 2021, inda jirgin da aka yi wa lodi ya kife da ɗaliban Islamiyya. In babu rigar kariya, ko kun ga an cika jirgi, ku yi kallonku daga tudu.

Masu maganar gyaran Tiga sun fi ambaton babban otal. Mai zuwa daga Kibiya da iyalinsa rumfa yake nema, da banɗaki mai tsabta, da wurin alwala da salla, da famfon da mai suya za ta wanke kifinta. Da waɗannan aka fara, da masunta da matan da ke suya a bakin ruwan sun ga ciniki tun kafin a gama fentin ɗaki ɗaya na otal.