Kwana 14 Na Jiran Awon Jini Bayan Dashen Ciki

Ran 25 ga watan Yuli, 1978, aka haifi Louise Brown a garin Oldham na ƙasar Ingila. Ita ce ta fari da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaji, sa'an nan aka mai da ɗan tayin cikin mahaifa. Likita Patrick Steptoe da Robert Edwards suka yi wannan aiki, har aka ba Edwards kyautar Nobel a 2010. Yau hanyar nan da ake kira IVF, watau dashen ciki, ta iso asibitocin Legas da Abuja, matanmu kuwa suna zuwa. Ba abin mamaki ba ne, gama a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin kowane 6 na manya ya kan gamu da wuyar samun haihuwa.

To, akwai wani sashe na aikin da ba a cika zancensa ba. Lokacin allurai da ɗaukar hoto da cire ƙwai, kullum mace tana da abin yi. Amma da an gama dashe, sai likita ya ce ta koma gida, ta dawo bayan kwana 9 zuwa 14 a awon jini. Kuɗi sun riga sun fita, wani sa'i har da na fili ko na zinariyar aure, ba sauran wani abu sai ƙirga kwanaki.

Dalilin jiran shi ne, ɗan tayi ya kan yi 'yan kwanaki kafin ya manne a jikin mahaifa, sa'an nan a fara samun wani sinadari mai suna hCG, wanda shi ake nema cikin jini. Mata da yawa ba su iya haƙuri, su kan sayo tsinken awon fitsari tun lokaci bai yi ba. Nan kuwa akwai tarko. Allurar da ake yi wa mace don ƙwai su nuna sau da yawa tana ɗauke da hCG ɗin, ta kan kuma yi kamar kwana 10 ba ta bar jiki ba. Sai mace ta ga layi biyu ta yi ta murna, alhali ragowar allura ce. Wata kuma ta ga layi guda ta kwana kuka, alhali cikin ya shiga, sinadarin ne bai taru ba tukuna.

Haka nan alamun jiki. Ciwon nono, da kasala, da kumburin ciki, duk maganin furojestaron da ake ba ta don ya riƙe mahaifa yana kawo su, ko da ciki ko babu. Ɗigon jini kaɗan ma ba ya yanke magana. Saboda haka kada ta bar shan magani don ta ga jini, sai likita ya ce.

Abin da ya fi cin rai kuwa shi ne zargin kai. Mace ta ce, da ban hau bene ba, da ban yi fushi jiya ba. Maƙwabta su ƙara mata da cewa ta kwantar da hankalinta, damuwa ce ke hana ciki kamawa, sai ta shiga damuwa a kan damuwarta. A 2011 Farfesa Jacky Boivin ta Jami'ar Kadif da abokan aikinta sun tattara bincike 14 da aka yi a kan mata 3,583, suka buga cikin mujallar likitoci ta BMJ. Sun tarar matan da suka fara magani cikin fargaba sun sami ciki daidai da waɗanda ba su da ita. Kwanciya dare da rana ma an gwada, ba ta ƙara kome ba. Galibin dashen da bai kama ba, aibin yana cikin ƙwayoyin gado na ɗan tayin, tun ba a sa shi a mahaifa ba. A ganinmu ya kamata a karanta wa surukai wannan magana kafin a karanta wa matar.

Ita Boivin ɗin da wata abokiyar aikinta sun shirya ɗan kati mai jimloli 10 na ƙarfafa zuciya, mace ta karanta safe da maraice cikin kwanakin jira. Ba ya sa ciki ya kama, ba wanda ya ce haka, amma matan da suka riƙe shi sun fi samun sauƙin rai. Mai wuridi ko addu'ar safe da yamma ta san amfanin irin wannan. Ban da shi, sai ta ci gaba da harkokinta marasa nauyi, ko koyarwa ce, ko ɗinki, ko ziyarar 'yan'uwa, don zaman ɗaki shiru shi ke ba tunani fili.

Maigida kuma, nasa aikin shi ne tsare ƙofa. Su zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za su san ranar awo, sauran dangi masu tambayar "Yaya dai?" shi zai amsa musu, kada a bar ta da su. Shi ma yana jira, kada ya ɓoye mata haka. In ya ga cikinta ya kumbura ƙwarai, ko numfashi yana yi mata wuya, ko zafi mai tsanani a gefe guda, ya kai ta asibiti nan take, ba a jiran ranar awo.

Tun kafin ranar ta zo, su shirya wa zai karɓi waya daga asibiti, da inda za ta kasance sa'ad da labari ya iso, kada ya riske ta a ofis ko gidan biki. Su kuma tambayi likita tun yanzu ko akwai sauran ɗan tayi da aka daskarar, da nawa ne kuɗin dasa shi, da wata nawa za a huta kafin a sake.